Karen Malam Ilya

Rillieux-la-Pape,
Juma'a, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji Abdulrazak da yara da dukan mutanenmu na La Courneuve. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa sanyin da ya fara shigowa bai tayar miki da ita ba. Ni ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali waya tana hannuna. Saƙonninki duk sun shigo. Ba fushi nake ba, Yaya. In na danna zan yi magana sai in ji ba komai a bakina. Alƙalami ya fi mini sauƙi, shi ba ya tsayawa jiran amsa.

Na fita takaba kamar yadda kika sani. Na sa atamfar da kika aiko, matan kartiye, wato unguwarmu, sun zo an yi addu'a, an ci masa, an watse. Kowa sai ya ce mini sannu da ƙoƙari, wai na yi haƙuri irin na manya. Ni ban san ko haƙuri ba ne. Tun ranar da Malam Ilya ya rasu ban yi kuka ba ko sau ɗaya. Ina ci, ina barci, na koma aiki a farmasi, ina ƙirga ƙwayoyi ina miƙa wa mutane. Shi ke nan.

Maganar in tattaro kayana in dawo wajenku Paris, na ji, kuma na gode. Ɗakin da aka share mini, da farmasin nan na Belleville da kika ce yana neman ma'aikaciya, duk alheri ne. Sharaɗin Alhaji kuwa na cewa ba za a shigar mishi da kare gida ba, ai ba sai ya faɗa ba. Ni da na zauna da karen shekara shida ban taɓa sa mishi hannu ba, ba ni zan ga laifin wani ba.

To ga inda maganar karen ta tsaya. Makarantar da ta horar da shi Nuga, karen, ta ba Malam, lokacin da ciwon suga ya cinye mishi idanu, sun kira ni. Sun ce shekarunshi takwas yanzu, ya tsufa da a ba wani makaho. Ko in riƙe shi, ko su kai shi wajen wasu mutane a ƙauye da suke karɓar irinshi. Na ce su zo su ɗauka. Za su zo ran sha biyar ga wata. Duk tsawon takaba maƙwabciyata Rachel, ƴar Najeriyar nan mai aikin asibiti, ita ke fita da shi safe da yamma, ita ke ba shi abinci. Allah ya saka mata.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne gobe zan yi tafiya. Shekaranjiya saƙo ya shigo wayar Malam, wai ana tuna mishi da ɗan gidan hutu da ya kama a bakin teku, kusa da wani gari Grau-du-Roi, sati guda daga gobe Asabar. Tun watan Fabrairu ya kama shi, bai gaya mini ba. Irin gidan nan ne da mutum ke dafa abincinshi da kanshi, kuma suna karɓar masu kare. Shekara goma sha biyu ina ƙasar nan ban taɓa ganin teku ba, kullum sai mu ce baɗi.

Rachel ta ce in je. Ita ma za ta tafi wani horo satin nan, don haka dole karen ya bi ni. Ban ce ina son zuwa ba, ban ce ba na so ba. Na ga dai an rubuta rana, ni kuma ba ni da abin yi a ranar.

Ki gaishe da Alhaji da yara. In kin kira Inna a Damagaram ki ce ina lafiya.

Ƙanwarki,
Fatsima

*

Grau-du-Roi,
Lahadi, 5 ga Oktoba

Yaya Zuwaira,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun kwana lafiya, ya gajiya, ya yara da karatun lakkol? Na iso lafiya jiya bayan azahar.

A gar, wato tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu a Lyon, sai da na saya wa Nuga biye, tikitin shiga jirgi, aka kuma ce in sa mishi takunkumi. Da yana tare da Malam, da kayan aikinshi a baya, ba mai tambayar shi komai, har hanya ake ba su. Jiya ya koma kare kamar kowane kare. Mai duba biye ne ya taimaka ya ɗaura mishi, don ya ga ina ta juya abin a hannu. Ya kwanta ƙarƙashin kujera har Nîmes bai motsa ba, nan muka canza ƙaramin jirgi.

Mai kula da wurin wani dattijo ne, Malam Nassim, mutumin Aljeriya. Ya zo gar da motarshi ya ɗauke mu. Da ya ga ni kaɗai da kare sai ya duba bayana. Na nuna mishi takardar shaidar rasuwar Malam da ke jakata. Ya karanta, ya yi salati, ya ɗauki akwatina ya sa a mota.

Gidajen na katako ne, guda goma sha biyu a cikin itatuwa, kowane da shingenshi. Lokacin hutu ya wuce, biyu kaɗai ke da mutane: nawa, da na wasu tsofaffin Jamusawa masu ƴar ƙaramar karya. Ɗakin kwana ɗaya, salo na zama, da kwizin na girki mai firigo da tukwane. A baranda an ajiye katifar kare da kwanoni biyu, ga famfo a tsakar gida na wanke mishi ƙafa in an dawo daga rairayi.

Malam Nassim ya ce Malam ya kira shi har sau uku. Ya roƙi a ba shi gidan da barandarshi ke da rufi da labulen iska, domin kare ya kwana a waje ba tare da ya ji sanyi ba, wai matarshi ta sha fama da kare a cikin gida shekara shida, yana so ta huta sati guda. Ya roƙi a samo babbar tukunya, wai matarshi ba ta iya girkin mutum biyu ba. Ya kuma tambayi alƙibla. Malam Nassim ya liƙa ƴar takarda a bango da kibiya. Na ga tukunyar, sabuwa ce, da takardar kanti a gindinta. Na ce na gode.

Da ya tafi na shiga jera kaya. Sai da na gama na lura da abin da na yi. Kofuna duk na juya hannunsu dama, gishiri a hagun murhu, kujeru na tura su ƙarƙashin tebur, ƙofofi kuwa ko a buɗe sarai ko a rufe ruf, ba rabi-rabi, don kar mutum ya buga goshi. Da zan shiga salo har na ce ga ni nan shigowa.

Da la'asar na je na ga tekun. Tafiyar minti goma ce ta cikin tuddan rairayi irin na hanyar Tanut. Ruwa ne, Yaya, mai yawa. Yana zuwa yana komawa. Na tsaya ina jira in ji wani abu, ƙafata ta yi sanyi, na dawo.

Da magariba na zuba wa Nuga abinci, ya zauna gaban kwano yana kallona, miyau na zuba, ya ƙi ci. Na ɗauka baƙunta ce. Da safen nan ma haka. Na kira Rachel, ta ce ashe ban sani ba, an horar da shi ba ya cin abinci sai an busa mishi usur sau uku, ta sa usur ɗin a aljihun jakar abincinshi. Shekara shida ina jin busar nan daga bayan ƙofa, na ɗauka wasa suke. Na ciro shi. Na roba ne, baƙi, duk shaidar haƙoran Malam a bakinshi. Na daɗe riƙe da shi. Kare dai yana jin yunwa, na sa a baki na busa. Ya ci.

Na dafa shinkafa da wake, ta yi yawa, na sa saura a firigo.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki,
Fatsima

*

Grau-du-Roi,
Talata, 7 ga Oktoba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Alhaji. Allah ya sa kuna lafiya. Wannan takardar ki karanta ta ke kaɗai, kar ki bar ta a kan tebur.

Tun jiya ake ruwa da iska, ban fita ba sai don kai kare bayan shinge. Ƴar karyar Jamusawan nan ta wuni tana haushi, ko ganye ya faɗo sai ta yi. Nuga yana kwance a baranda ko kunne bai ɗaga ba. Irinsu ba sa haushi, haka aka koya musu. A shekara shida rana ɗaya tak na ji muryarshi, kuma ke ma kin ji ta.

Na gaya wa kowa cewa na fito daga kwizin na tarar da Malam ya faɗi. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba.

Ranar Larabar da ya rasu, ya dawo daga aiki bayan la'asar ya ce ƙirjinshi ya yi mishi nauyi tun rana. Na ce ƙwannafi ne, ni mai aikin farmasi, na ba shi magani a cokali. Ya ce zai kishingiɗa a salo. Na shiga kwizin na rufe ƙofa. Kin san dokata, kare ba ya shigar mini inda nake girki da inda nake salla. Malam ya sha gaya mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya dabba mai rai ba najasa ba ce, ni kuma in ce mishi karatu daban, zuciya daban. Bai taɓa matsa mini ba.

Na ɗora kifi a mai, na kunna injin zuƙe hayaƙi, sai ga kiranki. Maganar ankon bikin ƴar Hajiya Umma muke, ko shuɗi ko ruwan goro. Muna cikin haka Nuga ya fara haushi. Ya zo yana kartar ƙofar kwizin da farce. Na ji shi sarai. Abin da ya zo mini a rai shi ne zai ɓata mini fenti. Na daka mishi tsawa da Faransanci ya yi mini shiru. Bai yi ba. Na juya kifi, na ci gaba da magana.

Da muka gama na buɗe ƙofa da niyyar in yi wa Malam faɗa a kan karenshi. Yana ƙasa tsakanin kujera da tebur, hannunshi ɗaya a miƙe wajen ƙofar. Ƴan pompiye masu agajin gaggawa sun zo cikin minti takwas, sun yi ta danna ƙirjinshi. Sauran kin sani.

Wayata ta rubuta tsawon kiran nan, minti ashirin da uku. Ban san a minti na nawa haushin ya fara ba. Na yi ta ƙoƙarin tunawa, ko muna kan shuɗi ne ko mun kai ga maganar tela. A asibiti na tambayi likita ko da an kira su da wuri da ya tashi. Ya ce bugun zuciyar babba ne, ba wanda zai iya sani. Da ya ce a'a, ko ya ce i, da na san inda zan ajiye abin.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na sani, na yi imani. Amma lokacin da kwanan yake ƙarewa ina bayan ƙofa ina juya kifi, dabba tana kirana.

Shaidar farcen tana nan a ƙofar har yau, daga ƙasa zuwa wajen gwiwata. Ban shafe ba, ban kuma iya kallon ta. Karen ma haka. Mutane sun ɗauka ƙyama ce ta hana ni duban shi tun rasuwar. Shi kaɗai ne ya san abin da ya faru, shi ya sa na ce a zo a ɗauke shi.

Ba don ki ji nauyi na gaya miki ba. Ke ba ki ga komai ba, kina Paris. Na rubuta ne don in ga ko in na sa shi a takarda zan ji wani abu. Na karanta daga sama har ƙasa, kamar labarin wata mata ce.

Malam Nassim zai shiga gari, shi zan ba ya jefa mini a akwatin waya kafin in canza shawara.

Ki yafe mini.

Fatsima

*

Grau-du-Roi,
Alhamis, 9 ga Oktoba

Yaya Zuwaira,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Na san ta ranar Talata ta iso ko tana hanya. Ban kunna waya ba, kar ki damu in kin kira ba ki same ni ba.

Jiya gari ya washe, na fita da Nuga da hantsi. A wannan lokacin an yarda a saki kare a can ƙarshen gaɓar, inda ba kowa sai masunta jefi-jefi. Na kwance mishi igiya. Ya tsaya yana kallona kamar bai gane ba, sai kuma ya zura da gudu. Ban taɓa ganin shi yana gudu ba. Kullum tafiyar Malam yake yi, taku ɗaya-ɗaya, yana tsayawa a bakin kowane titi. Ya shiga ruwa ya fito, ya yi birgima, ya tona rami. Na zauna a kan rairayi ina kallon wasu jiragen ruwa.

Can na ji wani ɗan sauti, ba haushi ba, kamar kukan ƙofa. Na waiwaya na gan shi yana ja da baya yana kartar bakinshi da ƙafa. Na tashi na je. Wani masunci ne ya yar da ƙugiya da guntun kifi a jiki, shi kuma ya wawura. Zaren yana lilo daga bakinshi, duk ya taka sai ya ƙara ja, jini yana ɗiga a kan rairayi.

Ba kowa kusa. Na durƙusa na kama muƙamuƙinshi na buɗe, na sa hannu. Ƙugiyar ta huda leɓe ta ciki, akwai ta biyu kuma a kan zaren tana kwance a bayan harshe, yana ta ƙoƙarin haɗiye ta. Na kamo ta da yatsu biyu na fito da ita, ta soke ni a babban yatsa. Ta farkon ba ta ciruwa. Na naɗe zaren a hannuna, na riƙe bakinshi da ɗayan, muka taho a sunkuye, ni da shi, har gida. Bai cije ni ba, bai ko fizge ba.

Malam Nassim yana gyaran shinge ya hango mu, ya yar da guduma ya tayar da mota. Likitar dabbobi tana can wani gari, tafiyar rabin awa. Na zauna a baya, kan Nuga a cinyata. Yana da nauyi, Yaya, da ɗumi. Miyau da jini sun jiƙa mini zane har ciki. Malam ya sha cewa kunnen karen nan kamar karammiski yake, in ce Allah ya kiyashe ni. Haka yake.

Likitar ta yi mishi allurar barci ta yanke ƙugiyar, ɗinki uku. Ta wanke mini yatsa ni ma. Ta tambayi sunan mai kare za ta cika takarda, na ba ta nawa don shi ya fi sauƙi.

A hanyar dawowa Malam Nassim ya dubi zanena ta madubi ya ce, “Hajiya, wannan ruwa yana wanke shi.” Na ce na sani. Can ya ce shi da matarshi ta rasu, wata bakwai ya yi yana gyaran famfuna da ƙofofin da ba abin da ya same su, har ƴaƴanshi suka ce ba ya son uwarsu. Na tambaye shi daga baya fa. Ya ce daga baya ma gyaran yake, sai dai yanzu waɗanda suka lalace.

Na wanke hannuna sau bakwai a famfon tsakar gida, ɗaya da ƙasa, yadda Inna ta koya mana. Ƙasa dai ba ta yi wuya a nan ba. Na canza kaya na yi azahar da la'asar.

Da yamma iska ta sake tasowa. Maganin barcin bai gama sakin shi ba, yana rawar sanyi a baranda duk da labulen. Na jawo katifarshi na shigo da ita salo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi ƙetarewa, don ya san ni. Sai da na ce mishi shigo sau biyu. Ya shigo ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafarshi yana bi na da ido duk inda na yi. Na duba idon. Ban ga abin da nake tsoron gani ba. Kare ne da ɗinki a baki, yana jiran a jiƙa mishi abinci.

Kar ki ɗauka wani abu ya sauya a raina. Yadda nake haka nake. Yatsan dai yana zogi, kuma na lura ina jin shi.

Jibi Asabar za mu koma Lyon in Allah ya yarda. Gaisuwa ga Alhaji da yara.

Ƙanwarki,
Fatsima

*

Rillieux-la-Pape,
Litinin, 20 ga Oktoba

Yayata Zuwaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Alhaji da yara. Ya ƙafa, ya sanyi? Takardarki ta same ni ran Talatar da ta wuce, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu.

Ban tuna kin ce in rabu da karen in ƙarasa miki magana ba. Wallahi ban tuna ba. Ashe wata biyar kina ɗauke da wannan, kina tsammanin shi ya sa na daina ɗaukar wayarki. Ni ina nan ina ɓoye miki, ke kina can kina ɓoye mini. Ba abin da zan yafe miki, Yaya, amma tunda kin roƙa, na yafe duniya da lahira.

Matar makarantar karnuka ta zo ran Laraba da motarta. Na ba ta shayi, ta duba ɗinkin, ta nuna mini hoton gidan ƙauyen, da fili da tumaki. Wuri ne mai kyau. Na ce ta yi haƙuri ta yi tafiyar banza. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce a'a, amma ta bar shi. Na sa hannu a takarda.

Don haka ba zan dawo La Courneuve ba yanzu. Ki ba Alhaji haƙuri, ki yi wa mai farmasin godiya. Na san abin da za a ce, mace ita kaɗai ba miji ba ɗa, ta zauna da kare. A ce. Inna kuwa ki bar ni in gaya mata da bakina. Har yanzu ba ya shigar mini kwizin, ƙofar ce dai na daina rufewa.

Ga abin da ya faru yau. Ba ni da aiki da safe, na fita da shi, na ce bari in bar shi ya bi inda ya ga dama. Ya ɗauki hanyar da suke bi da Malam zuwa tashar bus, yana tsayawa a kowane bakin titi sai na ce mu je. Kafin tashar sai ya karya hagu, ya bi wani lungu, ya zauna a ƙofar wani ɗan gidan burodi da ban taɓa shiga ba. Na ja shi, ya ƙi tashi.

Mai wurin ta hango shi ta gilashi ta fito da gudu tana kiran sunanshi, wata farar mata mai jiki, hannunta duk gari. Ta shafa shi, sannan ta ɗago tana neman wanda ke riƙe da igiya, ta ga ni. Ta ce ina Misye Ilya, ta ɗauka ya tafi ƙasarsu ne. Na ce ya rasu tun watan Mayu, ni ce matarshi. Ta toshe baki da hannu. Ta ja ni ciki ta zaunar da ni, ta yi kukanta ina kallon ta.

Da ta share ido sai ta ce, to yanzu tana iya faɗa. Wai shekara huɗu, kowace safiya ta aiki, Malam yana tsayawa nan ya sayi yanka ɗaya na wainar nan ta mutanen Lyon mai jan suga a kai, ya cinye a tsaye. In ya gama sai ya miƙa mata fuska ya ce, “Madam, duba mini gemu, kar a bar shaida. Matata ƴar farmasi ce, idonta ya ishe mu mu biyu.”

Yaya, mutumin da nake auna wa shinkafa da ludayi. Mutumin da na hana suga a shayi shekara goma, yana kurɓa yana cewa ai ya ma fi daɗi haka. Kullum in duba mishi jini da yamma in yi ta mamakin abin da ke tayar da shi, shi kuma ya ce ƙila injin ne ya tsufa. Har sabon inji na sayo.

Dariya ta kama ni. Na yi ta yi har na riƙe ciki, matar ta tsorata, masu sayen burodi suna leƙe. Ban san inda dariyar ta tsaya ba. Na dai ga gaban mayafina ya jiƙe, muryata tana fita wata iri, matar ta rungume ni da hannunta mai gari. Mun daɗe a haka. Ban ce wannan ya wanke ni ba, kuma ban ce na warke ba.

Ta naɗe mini yanka ɗaya a takarda, ta ƙi karɓar komai. Na zauna a benci wajen tashar bus na buɗe. Zaƙinshi har kai yake hawa, ban san yadda yake iya cinye shi da sassafe ba. Na cinye tas.

Kin ce kina so ki zo. Ki zo ran Asabar, akwai jirgin ƙarfe tara daga tashar Gare de Lyon ta nan Paris ɗinku, zan tarye ki a Part-Dieu. Rachel ta ce za ta riƙe Nuga a wajenta in kina jin tsoro. Ki taho mini da kuka da daddawa, nawa sun ƙare. Akwai maganganu da yawa, kuma ina jin yanzu bakina zai iya.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe mishi, ya yafe mana. Ki gaishe da Alhaji, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Fatsima